Yadda Ake Renon Kalatiya, Shukar Ado Mai Ratsin Ganye, a Cikin Ɗaki a Damagaram

Kalatiya shukar ado ce da ake ajiyewa a cikin ɗaki saboda kyan ganyenta, wanda yake da faɗi, kore shar, da ratsi-ratsi na fari ko na ruwan hoda da suka taso daga jijiyar tsakiya suka nufi gefe, bayansa kuma a nau'o'i da yawa shunayya ne. Asalinta dazuzzukan kurmi ne na Kudancin Amurka, inda take tsirowa a gindin manyan itatuwa, cikin inuwa da laima. Nau'in da ake kira Calathea zebrina, mai faffaɗan ratsi da ganye mai laushi, daga Barazil ya fito, shi kuwa Calathea ornata, mai siraran layuka biyu-biyu, daga yankin Kolambiya. A shekarar 2012 masana tsirrai suka mayar da yawancin waɗannan nau'o'i ƙarƙashin sunan Goeppertia, amma masu sayar da furanni har yau da tsohon sunan suke kiransu. Akwai kuma ƙanwarta maranta, wadda ke yaɗo a ƙasa maimakon ta miƙe, ita ma ƴar Barazil ce. Dukkansu gida ɗaya suka fito da ganyen fita da fatake ke naɗe goro da shi a cikin huhu, kuma suna da dangantaka ta nesa da citta da ayaba.

Abin da ya fi jan hankalin mutane gare ta shi ne motsin ganyenta. Da rana ganyen yakan shimfiɗe domin ya tari haske, idan magariba ta yi kuma sai ya miƙe sama ya haɗu da ƴan'uwansa kamar tafukan mai roƙon Allah, abin da ya sa Turawa suke kiranta shukar addu'a. Inda ganye ya haɗu da karansa akwai wata ƴar gaɓa mai kauri, wadda ruwa ke cika gefe ɗaya nata ya janye daga ɗayan gwargwadon haske da sa'o'in yini, kuma wannan canjin ne ke ɗaga ganyen ko ya sauke shi. Mai reno ya riƙe wannan da kyau, domin shukar da ta daina motsi da dare tana cikin wahala, ko da ganyenta bai fara canza launi ba.

Kafin a kashe ko dala a kanta, ya kamata a san irin nisan da ke tsakanin gidanta na asali da garinmu. Kalatiya tana son zafi tsakanin digiri 18 zuwa 27, da danshin iska da ya kai kashi 60 cikin 100. A Damagaram kuwa ruwan sama na shekara yana kewayen milimita 400 ne, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, danshin iska kuma a tsakiyar rani yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Saboda haka abin da ke kashe wannan shuka a nan bushewar iska ce da gishirin da ke cikin ruwa. Mai ita yakan ga gefen ganye ya ƙone, ya ɗauka ƙishirwa ce, ya riƙa ɗura mata ruwa safe da yamma har saiwarta ta ruɓe, alhali ƙasar tukunyar ba ta taɓa bushewa ba. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan kauce wa wannan kuskure.

Saye da kawowa gida

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci. A sayi kalatiya a farkon damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin ta samu wata uku na iska mai laima ta saba da ɗakin kafin kaka ta shigo. Wanda ya sayo ta a Maris ya jefa ta cikin mafi munin watannin shekara tun ba ta kafu ba. Idan akwai zaɓi, mai farawa ya ɗauki maranta ko kalatiya mai kaurin ganye, domin nau'in zebrina mai laushin nan yana da saurin ƙonewa, kuma ni ba zan ba wanda bai taɓa renon irin waɗannan shuke-shuke ba shawarar ya fara da shi.

A wurin saye a juya ganye a duba bayansa, a tabbatar babu farin ɗigo-ɗigo, babu siririyar yana, babu wani abu mai kama da auduga a maƙale a gindin kara. A duba ko akwai sabon ganye da ke fitowa a nannaɗe daga tsakiya, domin shi ne shaidar cewa saiwa na aiki. Wanda zai ɗauko ta daga Kano ko daga Yamai ya sa ta cikin kwali mai ƴan huji, ya riƙe ta a cikin mota kusa da shi, kada ya yarda a ɗaure ta a saman mota tare da kaya, inda rana da iskar hanya za su gama da ita kafin a iso. Idan an iso gida a bar ta a tukunyar da ta zo da ita har mako biyu, nesa da sauran shuke-shuke, kafin a yi maganar canza mata ƙasa.

Inda za a ajiye ta

Kalatiya tana son haske mai yawa wanda rana ba ta cikinsa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗaga hannu a wurin da tsakar rana: idan inuwar hannun ta fito da kaifin gefe, hasken ya yi yawa, idan ta fito dishi-dishi, wurin ya yi, idan babu inuwa ko kaɗan, ya yi duhu. Taga mai duban gabas, da labule marar kauri, da tazarar mita ɗaya ko biyu daga bakinta, ita ce mafi dacewa. Tagar yamma a guje ta gaba ɗaya, domin ranar la'asar ta bazara takan ƙone ganye cikin yini guda.

Akwai wani abu da jagororin da aka rubuta domin ƙasashen Turai ba sa la'akari da shi. Su a wurinsu tagar arewa da ƙyar take ganin rana, amma Damagaram tana ƙasa da digiri 14 ne arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta arewacin kanmu, tana leƙa tagar arewa da safe da yamma. A lokacin hunturu kuma takan karkata kudu, haskenta ya shigo tagar kudu har tsakar ɗaki. Wurin da ya dace a Janairu yana iya zama wurin ƙuna a Yuni, don haka a riƙa sake duba shi duk lokacin da yanayi ya juya.

Irin ginin ma yana da tasiri. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na tsofaffin gidajen Birni, yana riƙe sanyi da rana kuma ba ya yin sanyi ƙwarai da dare, sai dai tagoginsa ƙanana ne, dole a matso da shukar kusa da haske. Ɗakin siminti mai rufin kwano ba tare da silin ba kuwa bai dace da ita ba a bazara. A kowane ɗaki, a ajiye tukunyar ƙasa-ƙasa inda iska ta fi sanyi, a kan bulo ko ƴar kujera domin gara, kuma kada ta kasance a gaban fanka ko a bakin ƙofar da iskar hunturu ke kaɗawa. Ba ta da guba ga yara ko kyanwa, amma wannan yana nufin akuya ma za ta cinye ta ƙarƙaf idan ta samu ƙofa a buɗe.

Tukunya da ƙasa

Saiwar kalatiya ba ta nisa, don haka tukunya mai faɗi marar zurfi ta fi, wadda ta ɗara curin saiwar da santimita 2 zuwa 4 kawai ta kowane gefe. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Huji a gindi wajibi ne, uku ko huɗu.

Tukunyar yumɓu tana sanyaya saiwa amma tana saurin bushewa a iskarmu, ta roba kuma tana riƙe laima amma tana ɗaukar zafi. Mafita ita ce a haɗa su biyun. A dasa shukar a tukunyar roba, a samo tukunyar yumɓu da ta fi ta girma daga maginan Mirya, a zuba tsakuwa a gindinta har kaurin yatsa uku, a ɗora ta robar a kai, sannan a cika tsakaninsu da yashi mai tsabta a riƙa jiƙa shi. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafi, yana kuma ƙara laima a iskar da ke kewaye da ganye. Wannan ita ce dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba na arewacin Najeriya ya yaɗa domin adana tumatir da kayan miya ba tare da lantarki ba, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin kiyayewa ɗaya ne: gindin tukunyar roba kada ya zauna cikin ruwa. Yashin kuma ana iya jiƙa shi da ruwan famfo, tunda ba ya shiga wurin saiwa.

Ƙasar dashe ita ce wadda za ta riƙe laima amma ruwa ya ratsa ta cikin daƙiƙoƙi. A auna kashi biyu na ruɓaɓɓen ganye wanda ya koma baƙi, ya daina wari, irin wanda ake samu a gindin mangwaro a garka. Kashi ɗaya na yashi mai gwaɓi da aka wanke sau biyu. Kashi ɗaya na ɓawon gyaɗa da aka daka ya ruɓe, ko ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka. Sai tafi ɗaya na gawayi da aka farfasa ƙanana. A tankaɗe, a cakuɗa, a yayyafa ruwa, a damƙa a hannu: idan ta dunƙule amma ta wargaje da taɓawar yatsa, ta yi. Kada a sa toka, kada a sa ƙasar da kanwa ta fito a kanta, domin shukar tana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana da gishiri da zafi, a bar shi ga gonar gero. Laka kuma tana toshe saiwa.

Ruwa

A nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa. Kalatiya ba ta jure wa gishiri da sinadaran kulorin da fuloraid da kan kasance a ruwan famfo, kuma duk abin da ya narke a ruwan da aka ba ta yakan bi jijiyoyin ganye ya taru a gefe da baki, inda ruwan ke bushewa ya bar shi. Shi ya sa ƙunar take farawa daga gefe. Ruwan famfo da aka tara a bokiti ya kwana a buɗe yakan rabu da yawancin kulorin ɗinsa, amma gishirin yana nan, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Ruwan rijiya da na ƴan garuwa kuwa ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Wanda ke barin farin tabo a jikin randa ko buta yana ɗauke da abin da shukar ba ta so.

Ruwan sama ya fi kowanne, kuma tara shi ba wuya. Kowace milimita ɗaya ta ruwa da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce, don haka ruwa ɗaya mai kyau a Agusta ya isa ya cika abin da ake bukata. A bar ruwan farko-farko ya wanke ƙurar rufi, sannan a tara daga indararo, a tace da ƙyalle, a zuba a bidon mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba, a rufe, a ajiye a duhu. Tukunya matsakaiciya tana shan kimanin lita ɗaya zuwa biyu a mako, saboda haka bidon uku masu lita 25 za su kai shuka ɗaya zuwa wata damina. A garin da kowa ya san abin da ake sha kafin a samu ruwa a watan Afrilu, wannan tanadi yana da wata fa'ida, domin ba za a ɗebi ruwan shan iyali a ba shukar ado ba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma ba shi da gishiri, a tara shi a damina lokacin da yake zuba da yawa.

Ba a ba ta ruwa bisa ƙidayar kwanaki. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓar farko: idan akwai laima a dakata, idan ya fito a bushe a ba ta. A bazara wannan yana iya zama kowane kwana biyu, a hunturu da tsakiyar damina kuma sau ɗaya a mako. A zuba a hankali da safe, a kewaye gindin, har ruwa ya fito ta huji, sannan a zubar da wanda ya taru a ƙasa. Ruwan ya kasance mai sanyin ɗaki. Na tankin da ya yini a rana yana dafa saiwa, na firji kuma yana razana ta. Sau ɗaya a wata a fito da tukunyar a kwarara mata ruwa mai yawa ya ratsa ya fice, domin ya wanke gishirin da ya taru.

Danshin iska

Mutane da yawa suna fesa wa ganye ruwa, suna ganin sun biya bukata. A iskar hunturu wannan feshi yakan bushe cikin mintoci kaɗan, idan kuma ruwan famfo ne ya bar farin tabo. Abin da ke aiki shi ne tushen laima da ba ya yankewa. A gidajenmu wurin da ya fi ko'ina laima shi ne gindin randa, don haka idan akwai haske a wurin, nan ne mazaunin kalatiya. A tara shuke-shuke uku ko huɗu wuri ɗaya su riƙa amfana da tururin juna, a kuma ajiye faffaɗan faranti mai tsakuwa da ruwa a tsakaninsu. Wanda yake da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda fanka ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen zare, ya samu abin da ya fi dacewa da ita, domin tana rage zafi tana ƙara laima lokaci guda. Ita kuwa na'urar sanyi mai gas tsotse laimar ɗaki take yi, sai an haɗa mata da waɗancan dabaru.

Daga Fabrairu zuwa Mayu duk waɗannan ba lalle su isa ba. A lokacin a yi mata ƴar rumfa: a kafa sanduna huɗu a kewayen tukunyar, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki yadda ba za ta taɓa ganye ba, a huda ƴan ramuka a sama, a kuma buɗe ta na sa'a ɗaya kullum da safe. Rana kada ta taɓa wannan rumfa ko na minti goma, domin zafin cikinta zai haura abin da shukar za ta iya ɗauka. A dararen Disamba da Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, a janye ta daga bakin taga. Ƙurar hunturu kuma a goge ta duk mako da ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da ruwan sama, ana tallafe ganyen da tafin hannu, ciki da baya. Kada a shafa mata mai ko madara domin sheƙi.

Taki kaɗan take so, kuma a lokacin girma kawai, daga Yuli zuwa Oktoba. Idan takin zamani na 15-15-15 ne a hannu, a narkar da rabin ƙaramin cokali a lita 5 na ruwa, a ba ta sau ɗaya a wata bayan an riga an jiƙa ƙasar. Kada a barbaɗa ƙwayoyinsa a tukunya, kada a sa yuriya, kuma a hunturu da bazara a daina gaba ɗaya.

Karanta ganye da maganin ƙwari

Ganyen da ya nannaɗe da rana yana neman ruwa ne ko yana gudun zafi. A taɓa ƙasa kafin a yanke hukunci. Ganyen ƙasa da ke zama rawaya alhali ƙasar a jiƙe take alamar ruwa ya yi yawa ne, kuma idan kara ya yi laushi ko tukunyar tana wari, a zazzage ta, a yanke baƙaƙen saiwoyi da wuƙa mai tsabta, a sake dasawa a sabuwar ƙasa. Ratsin da ya koɗe yana nuna haske ya yi yawa. Gefen da ya ƙone ba ya komawa kore, a rage shi da almakashi bisa siffar ganyen, a kuma gyara ruwa da iska domin sababbin da za su fito.

Babban maƙiyinta a rani shi ne jan gizo-gizon nan da masu noman tumatir suka sani, wanda ido da ƙyar yake ganinsa, yana zama a bayan ganye yana tsotsa har ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ya dushe. Busasshiyar iska mai ƙura ita ce abin da yake so. Da an gan shi a ware shukar, a wanke bayan kowane ganye da ruwa, sannan a fesa ruwan ƴaƴan dogon yaro: a daka tafi ɗaya na busassun ƴaƴan, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a ƙara lita ɗaya ta ruwa da ɗan sabulu marar turare. A fara gwadawa a ganye ɗaya a jira kwana biyu. A yi feshin da yamma, a maimaita duk kwana 5 zuwa 7 har sau uku ko huɗu, domin ƙwayayen da feshin farko bai kashe ba za su ƙyanƙyashe. Garin sabulun wanki yana ƙone ganye, kada a yi amfani da shi. Farin ƙwaro mai kama da auduga kuwa a goge shi da auduga da aka tsoma a alkol na kantin magani.

Rabawa da sake dashe

Kalatiya ba ta kamawa daga yankan ganye. Ana yawaita ta ne ta hanyar raba tushenta mai kauri da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan lokacinsa Yuli ne, duk shekara biyu, idan saiwa ta fara leƙowa ta huji. A ba ta ruwa tun jajibiri, a kifa tukunyar a zaro ta, a kakkaɓe ƙasa a hankali, a nemi inda ta rabu da kanta a raba da hannu, kowane kashi da ganye uku ko huɗu da saiwarsa. A dasa daidai zurfin da take a da, a ba ta ruwa, a sa mata rumfar leda na mako biyu zuwa uku, kuma kada a ba ta taki sai ta fitar da sabon ganye. Maranta ta fi sauƙi: a yanke reshe a ƙarƙashin gaɓa, a tsoma a kofin ruwan sama, ana canza ruwan duk kwana uku, a dasa idan saiwoyin sun kai santimita 3 zuwa 5.

Yana iya faruwa, duk da wannan kulawa, zafin Mayu ya ƙone ganyen gaba ɗaya. Kada a yi saurin zubar da tukunyar. A tona gefe da yatsa a taɓa tushen: idan yana da tauri kuma cikinsa fari ne, yana da rai. A yanke busassun karare a bar santimita 2 a saman ƙasa, a mayar da tukunyar wuri mafi sanyi a gidan, a rage ruwa zuwa abin da zai hana ƙasar bushewa ƙayau, a kuma dakatar da taki har sai sabon toho ya fito ya buɗe ganye biyu, wanda yawanci yakan faru ƴan makonni bayan damina ta kankama.